Shekarun Gadar Fuentelobos

Anselmo, magajin garin Fuentelobos, yana tsaye a bakin kogi da hularsa a hannu, yana jiran Nuria ta gama ƙwanƙwasa duwatsu a ƙarƙashin gada. Shi ya gayyato ta daga jami'a ta tabbatar da abin da kowa a garin ya sani tun yana goye: Rumawa ne suka gina gadar. Ranar Lahadi zai kafa sabon allo mai ɗauke da wannan bayani a gaban baƙi.

Nuria ta hauro tana karkaɗe wando.

"Ranka ya daɗe, gadar nan ba ta kai shekara ɗari uku ba."

"Sake dubawa, 'yata. Can ƙasa ta fi tsufa."

"Daga can na fito."

Casilda, ƙanwarsa mai gidan abinci a gindin gadar, ta leƙo ta taga. "Yaya, ban ce ka bar masu ilimi a inda suke ba? Muna zaune lafiya da Rumawanmu."

"Kakanmu da bakinsa ya ce..."

"Kakanmu ai har kerkeci ya ce ya kayar da hannu ɗaya."

An rufe makarantar garin, jirgin ƙasa ya daina tsayawa, matasa sun tafi birni. Gadar ce kaɗai ta rage musu abin nuna wa baƙo.

Duk da haka Anselmo ya zaunar da Nuria cin abinci, don baƙuwa ce. Casilda ta kawo wake da naman rago da burodi. Shi dai juya cokali kawai yake yi.

"Kada ka damu," in ji Nuria. "Mutanen Navacerro ma haka suka yi shiru da na duba tasu."

Navacerro na bayan tudu. Garuruwan biyu sun yi shari'a a kan makiyaya, a kan rijiya, har a kan ƙararrawar coci.

Anselmo ya ajiye cokali. "Tasu shekara nawa?"

"Taku ta girme ta da goma sha ɗaya."

"Za ki sa hannu a kan haka?"

"Me zai hana?"

Ya ciro waya ya kira mai fenti. "Eusebio, goge Rumawan nan. Rubuta: gadarmu ta girmi ta Navacerro. Da manyan baƙaƙe. A'a, ba a bakin kogi ba. A kan tudu za a kafa shi, yana fuskantar su."

Sannan ya miƙa wa Casilda kwanonsa. "Ɗumama mini."