Kifin da Kuini Ta Ce a Tako Mata

Eruera ya naɗe wandonsa har gwiwa ya shiga ruwan. Ya san da sanyi, don ya ga gashin ƙwaurinsa ya miƙe, amma daga idon sawu zuwa ƙasa bai ji komai ba. Shekara biyu ke nan da ciwon sukari ya kashe masa tafin ƙafa. Ban da likita ba wanda ya sani.

Jiya a asibiti yayarsa Kuini, wadda ta kwana huɗu ba ta sa komai a bakinta ba, ta ce patiki take marmari. Likitoci sun riga sun gaya masa kwanakinta ba su da yawa.

"Ba na kanti ba, Auta," in ji ta. "Ba kuma wanda aka soka da mashi ba. Ka je bakin rafin Baba ka tako mini guda."

Haka gidansu ke kama shi tun kakanni. Patiki kifi ne mai faɗi kamar faifai, yakan kwanta a ƙasan ruwa ya lulluɓe kansa da yashi. Mutum zai bi a hankali ba takalmi, yana jan ƙafa. In ya ji abu mai santsi ya motsa a ƙarƙashin tafinsa, sai ya danne, ya sunkuya ya ɗauko. Kuini ce ta koya masa, a shekarar da sukari ya sa aka yanke wa babansu ƙafafu duka biyu.

Wurin yana nan yadda yake, inda rafi ke zuba cikin teku, daidai inda laka ta ƙare yashi ya fara. Ruwan da ya janye da asuba ya soma dawowa, kuma a lokacin ne kifin ke biyo shi ya hau tudu neman ƙananan ƙaguwa. A kan yashin da ruwa bai rufe ba tukuna akwai shatar kwanciyarsu, kamar an kife faranti an ɗauke.

Tun yana yaro idanun kifin nan ke ɗaure masa kai. Ana ƙyanƙyashe shi kamar kowane kifi, ido ɗaya a kowane gefe. Sai ido guda ya tashi, ya tsallake kai, ya je ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Shekara talatin Eruera yana tuƙa bas, kuma sau da yawa a bakin danja yakan tambayi kansa ko idon yana gani a kan hanyar tasa.

"Kai, direba! Rawa kake koyo da tsufanka?"

Des Kovacich ne, maƙwabcinsa, tsohon bakanike, da dogayen takalman roba da mashi, buhu a kafaɗa.

"Matsa can, kana korar mini kifi da ƙaton cikin nan."

"Ni dai biyu na samu. Kai fa? Ko sai sun zo tasha sun ɗaga maka hannu?" Des ya yi dariya, ya kuma yanke ta da kansa. "Yaya jikin Kuini?"

"Tana nan."

Des ya dubi buhunsa. "Ɗauki ɗaya mana, mutumina."

"Ta ce ba mai huda ba."

"To. Buhun zai kasance a bayan motata. Ba na kullewa."

Eruera ya yi ta kai da komo a bakin rafin, yana jan ƙafafun da ba ya ji. Yana ganinsu ta cikin ruwa, farare, kamar na wani. Ruwa ya kai cinya. Can ya tsaya cik yana kallon wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya a kan turke. Ya ce a ransa ya kamata a ce yana kuka yanzu. Ya jira kukan, bai zo ba. Abin da ya zo masa shi ne ko ya rufe tagar kicin.

Da ruwa ya taɓa masa ƙugu ya haƙura. Yana ɗaga ƙafar dama sai yashi ya tashi, wani ƙaton patiki ya fita daga ƙarƙashinta ya yi cikin zurfi. Ashe duk tsayuwar nan a kansa yake. Ya bi shi da kallo har yashin ya kwanta. 

A bakin mota ya ga jini a sawunsa. Ɓawon kawa ya tsaga masa tafin hagu, bai san yaushe ba. Ya ɗaure da hankici, ya sa safa. Sannan ya buɗe bayan motar Des, ya ɗauki kifi ɗaya a buhun.

A gida ya soya kifin sukutum da man shanu, ya yanka lemon tsami ya ɗora daidai kan hudar, ya naɗe farantin da tawul. Tafiyar awa guda ce zuwa asibiti.

Kuini ta shaƙi ƙamshin idonta a rufe. Ta sa yatsu biyu ta ɓantari tsoka kusa da gefe, inda ta fi so, ta tauna a hankali. Sai ta ɗaga lemon.

"Hudar mashin Des ce wannan," in ji ta. "Kullum a ƙeya yake soka, kamar mai tsoron kifi ya gane shi."

"Ruwan ne ya dagule yau, Yaya."

"Ruwa ya dagule. Da ido kake takawa?" Ta ture farantin. "Cire takalmi ka ɗora ƙafarka nan."

"Haba, asibiti ne fa."

"Ni na goye ka, majina na zuba a wuyana. Ɗora."

Ya zaɓi ta dama, wadda ba ta da rauni, ya ɗora a bakin gadon.

"Juya ka dubi taga."

Ya juya. A kan rufin ɗakin da ke kallonsu wani tsuntsun teku yana fama da ledar burodi.

"Kana ji?"

"Ina ji," in ji shi. "Hannunki da sanyi."

Hannayen Kuini biyu suna kan bargo. Ba ta taɓa shi ba tukuna.

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, inda furfura ta cinye. Sannan ta miƙa hannu biyu ta kama ƙafar, ta riƙe gam da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Eruera bai sani ba. Yana kallon tsuntsun, yana jira ta ce ya juyo.