Jan Farce a Injin Raja Tanwir

Ustad Manzur, maigidana a gareji, shi ne ya sauke kan injin da hannunsa. Tsohuwar Corolla ce ta Raja Tanwir, mai gidan bulo a hanyar Chakri, wanda ya rantse sai ya riga abokansa hawa tudun Murree. Turbo yake so, na'urar da ke hura wa inji iska ya ƙara ƙarfi. Ustad ya ce to, amma sai an rage wa injin matsi tukuna. Muka cire fistan na asali, muka sa masu rami a ka, muka ƙara kaurin gaskit. Ya ja lokacin wuta baya, ya ɗaure distiributa, ya ɗiga jan farcen matarsa a bakin noti, don in an taɓa a gane. Haka yake wa kowace mota. Duk kanikawan Rawalpindi sun san wannan ɗigon.

Turbo kuwa tana Karachi, sai bayan mako uku. Raja ya karɓi motarsa ya ci gaba da hawa kafin nan.

Injin da aka rage wa matsi ba ya da kuzari kafin turbo ta zo ta hura masa iska. Kowa a layinmu ya san haka. Raja ne bai sani ba, kuma ba ya son sani.

Ranar Juma'a Ustad ya tafi Chakwal gaisuwar mutuwa. Raja ya shigo da motar tana nishi.

"Kai, Nomi! Ina tsohon?"

"Ya tafi ta'aziyya, Raja sahab."

"Ta motata? Don ita ma ta mutu. Yau ɗan a-daidaita ya wuce ni a Faizabad, har da ɗago min hannu."

Masu shan shayi a bakin rumfa suka bushe da dariya.

"Ustad ya ce a yi haƙuri har..."

"Ustad ya ce, Ustad ya ce! Shekara shida kana nan. Ko wankin noti kawai ka iya?"

Na ɗauki sifana. Na sassauta notin, na murɗa distiributa gaba kaɗan, har muryar injin ta washe. Minti biyar. Raja ya zaga layin ya dawo yana buga sitiyari.

"Wallahi yaro ya fi ubangidansa!"

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba. Da ya tafi, na goge tsohon ɗigon da fetur, na buɗe akwatin Ustad, na ɗiga sabo. Na ce wa kaina zan mayar kafin turbo ta iso.

Ta iso ranar Talata, kwana huɗu kafin lokaci, Raja na biye da ita. Ya ja kujera ya zauna a gaban motar tun safe, ya aika aka kawo masa gurasa da wake, bai motsa ba. Ni nake miƙa wa Ustad kayan aiki. Na ga ya sunkuya, ya sa babban yatsa a kan ɗigon, ya wuce. Bakina ya buɗe. Raja yana kallona yana murmushi, sai na rufe.

Na jira azahar, ko in samu in mayar ba wanda ya gani. Ustad ya yi sallarsa a kan kwali, taku biyu daga motar. Na jira la'asar. Kafin nan an gama ɗauri.

"Bari in zaga da ita in saurara," in ji Ustad.

"Saurara me, Ustad ji? Waƙa ce? Mutane na jirana."

"To kada ka taka mata sosai, mako guda."

Ya taka. Washegari da hantsi aka jawo ta da igiya. Injin ya buga a hawan Tret, kan hanyar Murree. Da muka buɗe, fistan na uku ya huje, gefensa ya narke kamar kyandir. Wutar da ta zo da wuri, ga iskar turbo a kai. Ko ɗan koyo na wata biyu ya san abin da ke yin haka.

Raja ya tsaya tsakiyar layi, inda kowa zai ji.

"Shekara talatin, wai! Kunnenka ya mutu, baba, ka je gida ka yi wasa da jikoki. Yaronka ranar Juma'a minti biyar ya taɓa ta, ta tashi kamar doki. Kai ka sa hannu ka kashe ta!"

Ustad bai ɗago nan da nan ba. Ya dubi distiributa, ya daɗe. Sannan ya dube ni. Kanikawa sun cika ƙofar rumfa, masu fenti ma sun bar aikinsu.

Nan ne wurin magana. Na dubi takalmina.

"Hannuna ne, Raja sahab," in ji Ustad. "Za a gyara."

"Nomi zai gyara. Kai kar ka taɓa."

Ni na gyara. Kwana tara. Ustad yana zaune a kan tsohuwar taya yana wanke min noti a kwanon kananzir. A rana ta tara, da muka rage mu biyu, na ce, "Ustad ji, ranar Juma'ar nan..."

"Na sani."

"Zan faɗa wa mutane."

"Ni na duba jan farce ban saurari inji ba. Wannan nawa ne." Ya goge hannu da tsumma. "Naka kuma kai ka san inda za ka kai shi."

Wata huɗu ke nan. Ban kai shi ko'ina ba. Mai shayi ma yanzu ni yake fara miƙa wa kofi.

Jiya wani saurayi ya tsaya da farar Civic, bai ko kashe ta ba. Ya leƙo ta taga ya dubi Ustad.

"Baba, ina mai gyaran turbo ɗin nan? Na wajen Raja Tanwir."

Ustad ya nuna ni da haɓa. Na tashi na je.