Wankan Kansila Basiru

"Ya ce kai za ka yi mashi wanka, Malam Gajere, in ta Allah ta kasance."

Gajere ya ajiye fartanyar da yake sa wa ƙota, ya dubi Lami, matar maƙwabcinsa, tsaye a bakin zaure tana jan gefen mayafi. Kwana uku ke nan da dawo da mijinta daga asibitin Kankiya, likita ya ce a je gida a ci gaba da addu'a.

"Ni? Duk 'yan jam'iyyar tashi sun ƙare?"

"Ni dai aike aka yi ni."

Ta juya, ta bar shi da saƙe-saƙe. Mutumin nan, Kansila Basiru, katanga ɗaya ta raba su, amma shekara goma sha huɗu ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar masallaci. Lokacin da Basiru ke wakiltar mazaɓarsu, majalisar kansiloli ta rufe ƙofa ta yi zama a kan fadamar bayan gari, inda Gajere ya gaji noman albasa. Jam'iyya na son wurin, wai za a gina rumbun taki. Ƙudurin ya wuce da rinjayen hannu ɗaya. Aka kewaye fadamar da waya, aka haƙa harsashi, yau awaki ne ke kwana a ciki.

Ina Basiru ya tsaya ranar? Wasu sun ce ya yi faɗa har hularsa ta faɗi, wasu sun ce shi ya fara ɗaga hannu. Shi kuwa in an tambaye shi sai ya ce zaman majalisa sirri ne. Gajere dai ya san hali: shekara uku Basiru ya yi a kujera, da jam'iyya za ta ce rana daga yamma take fitowa, hannunsa na sama kafin a rufe baki.

To yanzu wannan aiken kuma fa? Gajere ya hango dabarar tun daga nesa. In gari ya ga shi ya wanke gawar, an gama magana, za a ce ai mai fadamar ma ya shaida. Ɗan siyasa ke nan, har a bakin kabari kamfe yake.

Bayan la'asar ya yi sallama ya shiga. Ɗakin na warin man zafi, kalandar jam'iyya ta koɗe a bango. Basiru na kwance kan katifa, ƙafafu sun kumbura, wuya ya zama kamar sillen kara.

"Kansila, ya jiki?"

"Ga shi kana gani. Zamna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka hwaɗa mani gaskiya, ranar nan mi ka yi?"

Basiru ya ɗaga ido ya dubi rufin azara.

"Ban ɗaga hannu ba, Gajere. Ban kuma hana ba. Da aka zo ƙirga, na tashi na ce zan kama ruwa. Na tsaya bakin famfo ina alwala, ba lokacin salla ba ne. Sau uku na sake ta, sai da na ji an buɗe ƙohwa."

"Nawa da nawa?"

"Biyar da huɗu."

Gajere bai yi boko ba, amma wannan lissafin bai gagare shi ba. Da Basiru ya zauna ya ce a'a, da an yi kunnen doki, da ƙudurin ya faɗi. Wani baƙin ciki ya kama shi, wanda ya fi na ranar da aka kafa wayar. Da ma ce masa ya yi ya ɗaga hannun, da ya san wanda zai ƙi.

"Kuma ni ka zaɓa? Don a ce na wanke ka?"

"Don kai ne ba ka taɓa yi mani daɗin baki ba. Waɗancan kam hoto za su ɗauka." Ya nisa. "In ka ƙi, ban ga laihinka ba."

Gajere ya leƙa fuskarsa yana neman inda siyasar ta ɓuya. Bai gani ba, kuma hakan bai sa ya yarda ba. Ya fita bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar Alhamis da hantsi kuka ya tashi a bayan katanga. Kafin azahar motoci biyu sun tsaya a ƙofar gida, manyan jam'iyya sun sauko da bandir na likkafani, ɗaya har yana naɗe hannun riga yana tambayar ina gawar take, wa zai shiga da shi wurin wankan.

Gajere na tsaye jikin dalbejiya. Kalma uku ta ishe shi ya faɗa wa taron nan abin da ya ji, kowa ya san kowa. Ya ji su a kan harshensa, ya haɗiye.

"Ranka ya daɗe, an bar wasiyya," ya ce, ya ratsa su ya wuce.

A tsakar gida Lami ta turo bokiti daga bayan labule, ganyen magarya na yawo a sama, tururi na tashi. Gajere ya tsuguna, ya tsoma hannu, ya yi saurin cirewa.

"Ya yi mashi zahi," ya ce a hankali. "A kawo na sanyi a sirka."