Tayar Kushewar Buba

A duk ƙasar Bakura babu wanda ya fahimci ci gaba kamar Alhaji Malami na Dakko. Shi ya gano cewa talaucinmu ba shi da wani tushe sai barin kaya masu amfani a hannun waɗanda ba za su more su ba. Yakan faɗi haka a majalisa, a wurin suna, wani lokacin har a zaman makoki.

Alhaji yana da tsohuwar tirela da tarakta ke ja, tana kwaso albasa daga gonakin Bakolori. Ana tsakiyar cira tayarta ta hagu ta fashe, irin fashewar da mai faci ya duba ya ce sai dai addu'a. Aka zagaye Talata Mafara, aka leƙa Maradun, babu mai girmanta, an daɗe da daina kawo irinta. Albasa kuwa tana zube a gona, rana na cinta.

Sai Alhaji ya tuna ya taɓa ganin irinta kwance a maƙabartar bayan gari, a kan wata kushewa.

Kushewar Buba ce, wanda ya ja 'yar'uwar tirelar nan har ƙarshen ransa. Abokan aikinsa suka ɗora masa tayar don alama. Matarsa Larai ba ta taɓa taka wurin ba, da yake mata ba su shiga maƙabarta. Ta bayan shinge take hango baƙin tayar in za ta wuce, ta tsaya ta yi masa sallama da addu'a, ta ɗan ba shi labarin jikoki. Iyakar abin da ta sani ke nan game da inda mijinta yake.

"Alhaji, ta mamaci ce fa," in ji Ɗanasabe, direban tarakta.

"Ina za shi da ita? Ka taɓa jin an tashi kiyama da taya?"

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

"To ɗauko. In an gama aiki mu mai da mishi abinai."

Bayan azahar suka gangaro da ita. Ƙasar da ke ƙarƙashinta a jiƙe take, alhali rabon garin da ruwa tun kaka. Mai faci ya sa mata sabon tif, ya ɗora a wili, ya ɗaure notuna. Da iska ta shige ta sai ta yi wata doguwar ajiyar zuciya. Mai faci ya ce, "Wa alaikumus salam," sannan ya waiga yana neman wanda ya amsa wa.

Tirela ta koma aiki. Sai dai ko babu kaya, gefen hagu a karkace yake, kamar wani na zaune. In an dawo daga gona da rana tsaka, tayar dama ba ta taɓuwa don zafi, ta hagu kuwa sanyi kamar gindin randa. In an zo kwanar maƙabarta, tirela ta riƙa ja hagu har tarakta na nishi.

Alhaji ya ce wili ne ya lanƙwashe. Aka canza wili. Ya ce giris ne ya bushe. Aka cika giris. A kasuwa dillalai sukan shinshina albasar da aka loda a kusurwar hagun tirelar, su ji ƙamshin kafur da ganyen magarya, su mayar a hankali su ce Allah ya jiƙan musulmi.

Ɗanasabe ya daina loda buhu a wurin. Yakan bar fili daidai zaman mutum.

Ranar ɗaukar ƙarshe, a kwanar maƙabarta, aka bubbuga katakon tirela yadda ɗan lodi ke yi in ya iso wurin saukarsa. Ɗanasabe bai ɗauko kowa ba. Ya tsaya, ya kashe tarakta, ya tafi gida a ƙafa bai waiwaya ba.

Alhaji ya sanar da majalisa cewa aiki ya yi nasara, kuma mayar da tayar tun farko yana cikin tsari.

Suka gangara da ita maƙabarta. Amma an yi sababbin kusheyi, awaki sun bi, iska ta share sawun inda take. Tuddai ne kawai, duk iri ɗaya. Aka aika a kira Larai, ta tsaya bayan shinge.

"Inna, nan ne?" in ji Ɗanasabe.

"Matsa gaba, ɗana. A'a, dawo." Ta kare ido da hannu, ta daɗe tana dubawa. "Ni tayar nika duba. Ban taɓa duba abin da ke kusa da ita ba."

Ɗanasabe ya tsai da tayar, ya sake ta a hankali, ko za ta nuna musu da kanta. Ta faɗi a gefen hanya kamar kowace roba. Ya taɓa ta, ya ji ta ɗauki zafin rana.

"Duk musulmi ne," in ji Alhaji, yana duba agogo. "Aza ta bisa wanga."

Aka aza.

Washegari Larai ta zo wucewa. Ba ta dubi tayar ba. Ta fara daga kusurwar gabas, tana bin shinge a hankali, tana tsayawa daidai kowane layi.

"Salamu alaikum. Malam, ko kana nan?"