Itacen Jego

"Ɗaga rigar in gani mana, ke dai kin cika kunya," in ji Inna Asibi.

Firdausi ta ɗaga, kanta a sunkuye. Ga su nan kuwa, layi-layi daga gefen cibiya har cinya. Inna Asibi ta tafa hannu, ta yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada sauran 'yan haya su ji.

"Nankarwa! Wallahi nankarwa ce. Ga ƙafa ta kumbura, ga amai da safe, ga al'ada ta ɗauke. To me ya rage? 'Yar nan, ciki gare ki."

Inna Asibi mai ƙosai ce a bakin wani lungu na unguwar New Bell a Douala, katako ne kawai ya raba ɗakinta da na Firdausi. Ta haifi nata, ta karɓi haihuwar wasu, maganarta a kan ciki ba a ja da ita. Firdausi kuwa marainiya ce, an daɗe da yi mata aure ba ko ɓatan wata. Ranar ta yi kuka har da shessheƙa, na murna.

To cikin fari ne, ba a faɗinsa. Ba ta je awo ba, ko mijinta Rabe, direban tirela a unguwar Bassa, sai da ido ya gane. Da fuskarta ta fara kumbura, ciwon kai ya hana ta sakat, ya ɗauke ta a babur zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwar Nylon. Kunya ta hana su ambaton ciki, can ma ba wanda ya tambaya. Aka ɗebi jini, ma'aikaciyar ta yi ta zuba Faransanci da sauri, ta ce wani abu wai shi kireyatinin ya hau, su wuce babban asibiti. Rabe ya dawo yana dariya.

"Inna, ba komai ba ne. Cewa ta yi les reins. Kwankwaso ne kawai."

Ba ƙarya ya yi ba, bawan Allah. A New Bell duk ɗan dakon da bayansa ya riƙe haka yake cewa.

"Yo wace mai ciki ce ba ta ciwon kwankwaso?" in ji Inna Asibi. "Bar ni da ita."

Ta shiga gasa mata baya, tana shafe nankarwar da man kaɗanya. Ta kuma fara tara itacen wankan jego. A Douala, inda ruwan sama ba ya sallama, busasshen itace sai an yi da gaske. Guntun katako daga wurin kafinta, ɓallen akwatin kaya da Rabe ke kawowa daga Bassa, duk ta jera su ƙarƙashin gadonta. Ko ƙosanta ba ta yarda ta soya da su ba.

Ciki ya yi ta girma, amma ba motsi. Inna Asibi ta ce malalacin yaro ne, ya gado ubansa. Sai wata safiya Firdausi ta ce tun jiya ba ta yi fitsari ba, kafin ta rufe baki ta zube a bakin famfo.

Likitar babban asibitin Bafulatana ce 'yar Garoua, da Hausa ta yi musu bayani a baranda.

"Babu ciki, Inna. Ruwa ne ya taru, shi ya ja fatar har ta yi nankarwa. Ƙodarta duka biyu sun tsaya, dattin da ya kamata ya fita da fitsari ya cika jininta. Ba a taɓa gaya muku ba?"

"An ce mana les reins," in ji Rabe.

"Ai ita ce ƙodar."

Rabe ya zauna daɓas a ƙasa. Inna Asibi ta ji kamar ta kurma ihu, ta kasa. Tun da take ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba.

Aka gwada wankin ƙoda, jikin bai ɗauka ba. Ba wanda ya iya gaya wa Firdausi maganar cikin. Ran nan da hantsi ta buɗe ido, ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a kan cikinta.

"Inna, kin ji? Kamar ya motsa."

"Na ji, 'yar nan."

"Ana ta ruwa. Kada itacen ya jiƙe."

"Ba zai jiƙe ba."

Kafin azahar ta cika.

Aka kawo ta gida ana tsuga ruwa, kwatar lungu ta cika ta shigo tsakar gida. Tasalla mai wankan gawa ta ce a ɗumama ruwa. Aka duba gawayin gidan, duk ya jiƙe sharkaf. Mata suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna.

Inna Asibi ta shiga ɗakinta, ta durƙusa, ta jawo itacen daga ƙarƙashin gado. Ta haɗa murhu a ƙarƙashin kwanon baranda, ta ɗora babbar tukunya. Ashana ɗaya ta ƙyasta, wutar ta kama, ko hayaƙi babu. Ta zauna a gabanta tana tsoma yatsa a ruwan, don kada ya yi wa yarinyar zafi.