Gyaran Muryar Halliru

Wata bakwai da 'yan bindiga suka kashe Halliru a gonarsa ta Gangara, amma matarsa Maimunat ba ta daina jin dawowarsa ba. Kullum rana na take tsaka sai ta ji an jingine hauya a zaure, an yi gyaran murya sau biyu, yadda ya saba kafin ya shigo. Ta leƙa, ba kowa, sai kaji a inuwa.

Sun yi ƙaura zuwa Sabon Birni ita da surukarta Hajjo, ta ɗauka abin zai tsaya a can. Kwana uku da saukarsu ta ji shi a sabon zauren.

Sau ɗaya ta gaya wa Hajjo. Tsohuwar ta ci gaba da tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ki yi shiru da bakinki, ɗiyata. In magana ta hita, cewa za a yi kin taɓu."

Maimunat ba ta sake gaya wa kowa ba. Ta rame, ta daina zuwa suna da biki. Tun hantsi gabanta ke fara faɗuwa, tana kallon inuwar katanga tana janyewa.

Ƙanwarta Hadiyya ce ta sa ta a wani zauren mata na WhatsApp, wanda wata ma'aikaciyar jinya, Malama Zahra'u, ta buɗe wa waɗanda aka yi wa rashi. Maimunat ba ta yi boko ba, sai dai saƙon murya. Waya kuma ba ta kamawa sai a kan tudun bayan gida, wajen wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe.

Mako biyu tana sauraren wasu. Ranar wata Talata ta danna wajen ɗaukar murya, ta faɗi komai. Da ta sake kunna saƙon don ta ji abin da ta ce, sai tsigar jikinta ta tashi. Can ƙarƙashin maganarta, dab da ƙarshe, an yi gyaran murya. Sau biyu.

Ta waiwaya. Fili fetal, ko akuya babu.

"Don Allah ku saurara da kyau," ta sake aikawa. "Kun ji shi?"

Amsoshi suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Iska kawai suka ji. Sai wata Radiyya, daga Turba, ta ce: "Yaya, ban ji naki ba. Amma ni kukan shanunmu nike ji, shekara biyu da kore su. Na zaci ni kaɗai ce."

Malama Zahra'u ba ta ce mata ƙarya take ba. Ta ce wanda ya ga tashin hankali, ƙwaƙwalwarsa kan riƙe sauti kamar yadda tufa ke riƙe hayaƙi. Ciwo ne, yana da magani, ba abin kunya ba ne. Ta ce mata ta ci gaba da addu'a, amma ta zo asibiti ranar Alhamis.

Maimunat ta je. Bayan wata biyu ta fara cin abinci sosai, wani lokacin har azahar ta wuce ba ta lura ba.

Rannan suna zaune a tsakar gida, tana bayyana wa Hajjo abin da likita ya ce, sai ta ga tsohuwar ta daskare, ludayi a hannu, ta zuba wa zaure ido. Maimunat ta kasa kunne. Ba ta ji komai ba.

"Inna, lahiya?"

Halliru ɗan farin Hajjo ne, ko yana raye ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Ni sallama yaka yi mini," ta ce a hankali. "Tun ran da munka bizne shi."

Maimunat ta matsa, ta karɓi ludayin, ta riƙe hannunta. Ya yi sanyi ƙalau.

"Alhamis za ni koma, Inna. Mu tahi tare."

Leɓunan Hajjo ne kawai ke motsi, tana amsa sallama.