Ƙaltume da Masu Zanen Titi

A shekarar da aka faɗaɗa titin da ya ratsa unguwarsu ta Harra ta Yamma a Madina, Malam Badaru ya daina zuwa masallaci. Masallacin yana nan a tsallake, kusa da gidan burodin tamis. Titin ne ya yi faɗi, motoci suna gudu kamar ana korarsu, shi kuwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye sai da sanda yake tafiya. Ya taɓa gwada tsallakawa, madubin wata mota ya bugi kafaɗarsa ya zube. Daga ranar a ɗaki yake salla. Da an kira salla sai ya juya fuska bango har a gama, matarsa Ƙaltume tana kallonsa.

Ƙaltume haifaffiyar Madina ce. Kakanta ne ya zo aikin hajji da ƙafa daga Damagaram bai koma ba. Ta haura sittin, gwiwa na damunta, amma bakinta lafiya lau.

Wata safiya masu zanen titi suka iso. Sun zo da babbar mota ɗauke da tukunyar ƙarfe, wutar gas na ci a ƙarƙashinta. A ciki ake narka garin fenti har ya zama kamar kunu mai kauri, a juye shi a wani keke da ake turawa da hannu. Keken yana shimfiɗa layi da zafinsa, yana barbaɗa 'yan ƙwayoyin gilashi a kai don fitilar mota ta haska shi. Mai tura keken Bakri ne, mutumin Cadi, wanda kan ci abincin Juma'a a gidan Ƙaltume tun zuwansa garin.

Ta fito ta same shi yana gyara safar hannu.

"Bakri, a ina za ku zana wurin tsallakawa?"

"Babu shi cikin aikinmu, Inna. Fari a tsakiya, rawaya a gefe, khalas, shi ke nan."

"To mu ta ina za mu bi?"

"An ce akwai fitila a can gaba."

"Can gaban da ko mai ƙafa biyu sai ya huta a hanya?"

Bakri ya sunkuyar da kai. Ta koma gida, ta ɗauko kujerar roba da lema da gorar ruwa. An riga an tare ɓangaren titin da za a zana, an ja alli a kan kwalta. Ta dasa kujerar daidai kan allin, ta gyara abaya, ta zauna.

Keken ya taho yana hayaƙi, ya tsaya dab da ƙafarta. Zafinsa na dukan ƙaurinta.

"Inna, don Allah ki tashi. Wannan abin idan ya ɗiga a jiki da fata yake tashi."

"To kada ka bari ya ɗiga."

"Idan ya daɗe a wuta ƙonewa zai yi, ni za a tuhuma." Ya rage murya. "Ke 'yar ƙasa ce. Ni da iƙama nake zaune, takardar izinin zama, kuma tana hannun kamfani."

"Na sani, ɗana. Shi ya sa ni na zauna, ban ce kai ka zauna ba. Je ka kira na sama da kai, ka ce wata tsohuwa ta hana ka aiki. Ka zage ni ma a gabansa idan ka ga dama."

Na sama da shi, wato mushrif, wani saurayi ne mai suna Saif. Da ya fito daga mota Ƙaltume ta gane shi, jikan Fatna ne, maƙwabciyarsu ta dā. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Ya gaishe ta da ladabi, yana kiranta khala, wato inna, ya ce, "Ya khala, ba ni da ikon ƙara ko taɓo ɗaya a kan abin da aka ba ni. Idan na ƙara, a bakin aikina."

"Ban ce ka ƙara ba. Ka je ka faɗa wa mai ikon."

"Zan faɗa. Ki tashi tukuna."

"Idan na tashi, kun wuce ke nan. Na san halin masu aiki."

Ya ce dole zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira, amma ya gaya musu su zo da mace, don babu namijin da zai taɓa ta. Saif ya tsaya yana kallon wayarsa, bai kira ba. Daga ƙarshe ya ce wa Bakri ya ɗaga keken, ya zagaye ta, ya ci gaba daga bayanta. Layin ya tafi fari tas, da giɓi a inda take zaune.

Ta zauna har azahar. Lemar ba ta hana komai ba, kwalta ta gasa mata tafin ƙafa ta cikin takalmi. Da ta shiga gida sai da 'yarta Sundus ta jiƙa mata tawul ta ɗora a kai.

"Umma, za ki jawo mana magana a unguwa."

"Maganar nake nema."

Malam Badaru ya ce daga kan gado, "Ki bari, Ƙaltume. Allah ya san uzurina."

"Allah ya sani. Su ne ba su sani ba."

Washegari ma'aikatan suka dawo don cike giɓin, suka tarar da ita a wurin. Wannan karon ba ita kaɗai ba ce. Sakinatu mai ɗinki ta zo da tabarma, wata Basudaniya mai kai yara makaranta ta zo, mai gidan tamis ya aiko musu da burodi da shayi. Bakri bai ko sauke keken ba. Saif ya daɗe yana waya a cikin mota, yana magana yana nuni da hannu kamar dai wanda yake waya da shi yana ganinsa. Sannan suka tafi wani titin.

Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Wasu matan suka gaji, mazan wasu suka hana su fita. Akwai ranar da Ƙaltume ta sake zama ita kaɗai, jiri ya ɗebe ta, Sundus ta riƙo ta zuwa gida tana kuka. Da gari ya waye ta sake fita.

Cikin mako na biyu wani dattijo ya zo daga kamfanin da wasu mutum biyu. Ba su yi mata magana ba. Suka auna titin, suka dubi masallacin, suka tafi. Bayan 'yan kwanaki motar tukunya ta dawo, aka zana faffaɗan layuka farare daga wannan gefe zuwa wancan, aka kafa allon alamar tsallakawa. Ba a ƙofar gidanta aka yi ba, sai can wajen gidan tamis, tafiya ce mai ɗan nisa ga mai sanda. Kuma ba Bakri ne ya tura keken ba. An mayar da shi aikin hanyar Khaibar, inda babu inuwa ko ta itace. Ƙaltume ta tambayi Saif ko saboda ita ne. Ya ce bai sani ba, ita kuma ba ta yarda ba. Ta dafa shinkafa da wake ta ba direban motar ya kai masa.

Kafin la'asar fentin ya daɗe da sandarewa. Ta sa wa Malam Badaru farar jallabiya, ta riƙo hannunsa mai lafiya. A bakin layukan ya tsaya, yana jin ƙarar motoci.

"Ba za su tsaya ba," ya ce.

Motar farko ba ta tsaya ba, ta biyu ma haka. Ƙaltume ta sa ƙafa a kan farin layi, ta ɗaga tafin hannu sama. Wata tasi ta ja burki, direban ya danna oda. Ba ta dube shi ba.

"Taho a hankali, Malam," ta ce. "Su jira."